Naira Ba Ta Taɓa Goshin Jikata Ba

An yi bikin jikata damina biyu bayan rasuwar Malam, mijina, shekarar da aka yi mini aikin ido a Lyon. Lokacin yuro ya riga ya zauna daram, yaran da aka haifa nan ko kamannin tamma, tsohon kuɗin Faransa, ba su sani ba. Ni na ga kuɗi iri-iri sun zo da taƙama sun wuce. Guda ɗaya ce na yi rantsuwa a kanta, ita ce naira.

Sanda muke Maraɗi naira ce sarauniya. Mai naira a aljihu ko gaisuwarsa daban take, sefa kuwa sai a ce kuɗin cefane. Malam wake yake kaiwa Najeriya ya dawo da naira, ya ƙi canzawa, wai ajiyarta ta fi ajiyar shanu. Sai shekarar babban fari sojan can suka rufe iyaka, suka sake wa kuɗin launi. Kafin mutanenmu su sami hanyar kai tsofaffin, wa'adi ya cika. Akwati guda, wallahi, ya koma takardar ƙunshe ƙosai. Asarar wannan akwatin ce ta kawo Malam Saint-Fons kusa da Lyon, aiki a masana'antar sinadarai, inda ya shaƙi abin da ya shaƙa har ƙirji ya ƙi. Ranar da na biyo shi na ga yadda ya rame, na ce naira ba za ta ƙara taɓa jikin jinina ba.

To, sai ga jikata ta kawo saurayi ɗan Katsina. Yaron kirki, a kasuwar Rungis yake aiki, ya iya durƙuso. Ban hana ba, Katsina da Maraɗi ai ciki ɗaya ne. Na shiga jirgin ƙasa na tafi gidan ɗana a Aubervilliers don shirin biki.

Can na tarar da kakar ango, ta zo daga Katsina, sa'ata ce, baki kamar nawa. Mun gama gaisuwa, mun tambayi juna gajiya da sanyi, sai ta jawo jaka ta buɗe. Sababbin naira ne ɗauri-ɗauri, 'yan hamsin-hamsin masu santsi kamar leda.

Ta ce, "Na liƙi ne, Hajiya. An ce mini nan ƙaramar takarda yuro biyar ce. Wa zai watsa wannan? Sai mu tashi biki da bara."

Na ce, "Ki liƙa wa jikanki har ya nutse. Tawa dai a'a."

"Ikon Allah! Me naira ta yi miki?"

"Ta ci mini miji."

Ta yi masa addu'a, sannan bakin ya dawo. "To ku da me za ku liƙa? Sefa? Kuɗin Bature ne fa aka sa wa rawani. Tamu ko ta faɗi, a ɗakinmu ta faɗi."

Na ce, "Kullum tana faɗuwa, ɗakin naku ba tabarma ne? Jiya ita ke aiken sefa, yau sefa ke ba ta sadaka."

Matan da ke yankan albasa suka kwashe da dariya. Maganarta ta rawani ta sosa ni, don na tuna safiyar da aka raba darajar sefa biyu ba wanda ya shawarce mu. Amma ban nuna ba.

Ɗana ya ja ni gefe, wai Inna ki yi haƙuri, kar a ɓata da surukai kan takarda. Amarya ma ta zo ta rungume ni tana haɗa Hausa da Faransanci, "Kaka, wasa ne kawai, ba komai." Na ce mata ƙawata, ke wasa kika gani, ni na ga kakanki yana tari.

Ranar biki zaure ya cika. Aka sa kiɗa, aka fito da amarya da ango tsakiya. Na hango kakar ango ta taso, ɗauri a hannu, matan Katsina na biye da ita suna guɗa. In na hana ta, na kunyata baƙuwa gaban jama'a, jikata ce za ta zauna da abin. In na bari, rantsuwata ta zama zancen banza.

Na ajiye sandata na shiga fili. Na tsaya daidai gaban amarya, na buɗe mayafi kamar kaza ta rufe 'ya'yanta, na soma rawa. Rabona da rawa tun Maraɗi.

Kakar ango ta ce, "Matsa mana, tsohuwa!"

Na ce, "Zuba a nan. Ni naira ta riga ta gama da ni, ba abin da ya rage ta ci."

Ta dube ni, ta dubi goshina. Sai ta manna mini ta farko da ƙarfi, har na ji yatsanta. Ta bi dama na bi dama, ta bi hagu na tare. Matan suka ɗauka wasan kakanni ne, suka rufe ni da naira, tana zamewa daga kaina tana zuba ƙasa. Gwiwoyina na kuka, ban matsa ba sai da hannunsu ya ƙare. Ko ɗaya ba ta sauka kan yarinyar ba. Sai da aka ɗauko mini kujera.

Cikin tsofaffin da suka ga wannan rawa, mu uku muka rage. Akwai wani abokin aikin Malam, ɗan Tawa, yana Lyon, ido ya tafi. Akwai ni. Sai kakar ango a Katsina. Duk sallah takan kira ni, ko gaisuwa ba ma ƙarasawa take cewa, "Hajiya, ya goshi?" Ni kuma in tambaye ta nawa naira ta kwana.