Fiton da Baba Dalma Bai Ji Ba

Baba Dalma ya rufe shagonsa ranar Asabar da yamma, bayan fiye da shekara talatin yana gyaran kayan kiɗa na lantarki a ƙarƙashin benen da ke kallon tashar bas. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Ya miƙa wa mai gidan mukulli, ya ce a gaida iyali, ya rataya jakar kayan aikinsa, ya rungumi wani ɗan akwati da ya naɗe da tawul, ya hau bas. Ba ciwon baya ne ya tashe shi ba, ko da yake akwai shi. Ba kuma rashin aiki ba ne. Kunnensa ne ya daina jin siririn sauti.

Sunan ya samo shi ne daga dalmar da yake narkarwa yana liƙe wayoyi. Warinta ya kama rigunansa har matarsa ta ware musu igiyar shanya daban. Kullum yakan riga maƙwabtansa buɗewa. Ya share ƙasa, ya kunna fitilar teburi, ya jona ƙarfen liƙi, sannan ya zauna a kujerar da ya ɗaure ƙafarta da wayar jan ƙarfe tun wani zamani. A kan kantocin bayansa akwai fiyano na lantarki da aka kawo gyara, da lasifikoki da bakinsu ya yage, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi.

Gyara ne ya ciyar da shi, amma abin da makaɗa suka san shi da shi wani abu ne da ya ƙera da hannunsa, ya sa masa suna akwatin murya. Bai fi littafin makaranta girma ba. Babu kwamfuta a cikinsa, ba a naɗi muryar kowane abin kiɗa an adana ba. Wutar lantarki ce kawai take kaɗawa ta zama sauti. Sashe ɗaya yana haifar da sautin, na biyu yana tace shi, ya yi masa kauri ko ya sirantar da shi, na uku yana buɗe masa baki ya rufe. A fuskar akwatin akwai maɓallan murɗawa da ramuka da yawa na soka waya, domin mai kiɗa ya haɗa sassan yadda ya ga dama, ko ya jona shi da wasu akwatunan.

Ramukan nan su ne suke korar sabon shiga. Wata malamar kiɗa, wadda yanzu take koyar da manya da yara a wani ɗaki da ke saman kantin magani, ta ce ranar da ta fara leƙa shagon ko maɓalli ɗaya ba ta iya dannawa ba.

"Na ce masa, Baba, wannan ai sai injiniya. Ya ce, ajiye wayoyin nan, 'yata, kar ki soka ko ɗaya. Danna nan kawai. Na danna, sai ga murya kamar ta sarewa. Ya ce, kin gani? Akwatin ya san hanyar gida da kansa. Ranar da kika gaji da hanyar, sai ki soka waya ki bi da shi ta wani lungun."

Dabarar ke nan. Ya riga ya haɗa sassan ta ciki, don mai koyo ya kunna ya ji kiɗa nan take. Da zarar gwani ya soka waya a rami, hanyar ciki sai ta yanke, ta bar masa ragama. Akwati ɗaya ne, amma ba ya raina ɗan koyo, ba ya kuma takura wa wanda ya ƙware.

Irin wannan na'ura tana da hali ɗaya: sautinta yana gocewa da zafi da sanyi. In aka daidaita ta tana sanyi, da ta ɗumama sai ta karkace. Saboda haka Baba ya kafa doka a shagonsa. In ya kunna akwati, sai ya cika butar shayi har wuya, ya ɗora a ƙaramin risho, ya rage wuta. Ba ya taɓa kusar daidaita sauti sai butar ta yi fito. Agogon bango yana nan, amma ya ce agogo bai san yau da sanyi ko da zafi ba, ruwa kuwa ya sani. Duk mai gaggawa ya sha zaman benci a shagon nan. Har ya zama gaisuwa tsakanin makaɗa: "Yaya, buta ta yi fito?"

Cikin waɗanda suka fi shan wannan zaman akwai Dogo, mai kaɗa fiyano a wani otal, wanda ya daɗe yana kawo wa Baba kayan da ya wahalar. Ya taɓa kawo akwatinsa yana ɗigar ruwa, bayan ya faɗo daga bayan mota ana tsaka da ruwan sama.

"Ya dube ni ya dubi akwatin," in ji Dogo, "ya ce, kai dogon banza, kiɗa kake yi da shi ko wanki? Ya warware shi gaba ɗaya, ya shanya a kan jarida. Da na zo karɓa ya ce in na sake jiƙa shi, ni zai shanya."

Dogon ne kuma ya kawo labarin da ya rufe shagon. A watan jiya ya karɓi sabon akwati, ya tafi da shi ɗakin naɗar waƙa. Ba a yi nisa ba mai naɗar sautin ya cire abin kunnensa ya ce akwai wani siririn fito da yake hawa kan kowane sauti, kamar sauro a ɗaki. Aka tashi ba a naɗi komai ba. Washegari da hantsi Dogo ya dawo da akwatin. Baba ya jona shi, ya ɗora buta, suka taɓa hira. Da aka jima Dogo ya danna maɓalli ya riƙe.

"Ka ji, Baba?"

"Na ji me?"

"Fiton mana. Ga shi nan a sama."

Baba ya karkata kai, ya matso da kunne kusa da lasifika. Abin da yake ji sauti ne mai tsabta, irin wanda ya saba sallama.

"Kunnenka ne ya gaji da hayaniyar otal," ya ce. "Bari dai buta ta yi fito, mu duba."

Dogo ya tashi ya zagaya bayan kujerar, ya sauke butar daga wuta. Baba ya juya, ya ga tururi ya turnuƙe kusurwar har ya jiƙa kalandar bango. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe take yi?"

"Ta ɗan jima, Baba."

Matar Baba ta ce ita ba ta yi mamaki ba. An daɗe ana danna ƙararrawar ƙofa yana zaune bai motsa ba. "In na ce, Malam, ana kira, sai ya ce ni ce muryata ta yi sanyi da tsufa. Na ce to, ƙararrawar ma tsufa ta yi?" Likitan da ya duba shi ya ce shekaru ne, da daɗewa kusa da lasifika. Na'urar kunne za ta taimaka masa wajen hira, amma bai yi masa alkawarin kunnen aiki ba.

Dogo ya ce ai akwai mita mai auna sauti, ya ci gaba da aiki da ita. Baba ya ce mita tana amsa abin da aka tambaye ta ne kawai, shi kuwa bai san fiton yana nan ba balle ya tambaya. Daga nan ya ɗauki waya, ya bi duk wanda ya karɓi akwati a hannunsa tun bara, ya gaya musu da bakinsa abin da ya faru, ya ce su kawo a saurara. Malamar kiɗa ce ta zauna a benci tana saurare, shi yana gyarawa. Yawancinsu lafiya lau suke. Kaɗan suna da fiton. Da aka gama na ƙarshe, ya sanar da mai gida zai tashi.

Baba, kai ne ka buɗe wa masu jin tsoron waya ƙofar kiɗa, ba ka taɓa yi wa ɗayansu dariya ba. Kai ne ka zaunar da gwanaye a benci suka koyi jiran ruwa ya tafasa. Sunanka ba ya jikin waƙa ko ɗaya, alhali muryar da ka ƙera tana cikin da yawa. Kuma ranar da kunne ya ci amanarka, ba ka jira an gano ba, kai ka bi mutane da waya. Mai liƙin da ba ya sakewa, mun gode. Masu sana'ar hannu da ke tasowa, in ba za su iya ƙera akwati ba, su yi koyi da wannan kiran wayar.

Akwatin da ya naɗe da tawul ranar Asabar na malamar ne. Ta yi odarsa don sababbin ɗalibanta, an gama haɗa shi, saura daidaita sauti. Ta tare shi a bakin shago yana sa kwaɗo.

"Baba, hannunka fa bai ce ya gaji ba. Ka riƙe sukudireba, ni in zama kunnenka."

"Ke da aji a gabanki?"

"Ajin nawa ai akwatin yake jira."

Ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, kuma bas na shirin tashi. Ta ce za ta zo gida ranar Laraba. Bai ce ta zo ba, bai ce kar ta zo ba.

Mai gidan ya riga ya yi wa wani mai sayar da kayan waya alkawarin shagon. Matar Baba ta ce akwatin yana kan teburin cin abinci, har yanzu a naɗe, kuma ya hana a ɗauke shi. Tsohuwar butar ma ta ga ya zo da ita a cikin jaka. Har zuwa jiya bai fito da ita ba.