Gonar Baba Ilu ta Bakin Hanya

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gonar Baba Ilu na rasa abin faɗa ba, ni da bakina ba ya mutuwa a wurin taro. Ku sababbin malaman gona da kuke ganina da furfura kamar da ita aka haife ni, ku saurara. Na yi rawar kai irin taku, har na fi ku.

Ina aiki a komin ɗin Waca, wato ƙaramar hukuma, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a ƙasar Magariya da Dungas. Ya zo ana dab da girbi, gidajen ƙasa suka zube, rumbuna suka kwanta, yashi ya binne fadamu. Da aka gama rabon abinci da tabarmi, sai aka shiga abin da a buro, wato ofishinmu, muke kira farfaɗowa: awaki ga mata, rijiyoyin lambu ga masu noman rani, irin shuka ga manoma. Ni aka ba ni ɓangaren iri. Wani furoje, wato shirin tallafi, ya kawo gero mai saurin nuna, wanda yake riga na gargajiya da kusan wata guda.

Ƙa'idar aikin ita ce ba a raba sabon iri ga gari duka a shekarar farko. Ana zaɓar manomi ɗaya, ya ware ɗan yanki a gonarsa ya shuka, mutane su gani da idonsu. Shi ake kira gonar gwaji. Ranar da zan tafi ƙauyen, shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya biyo ni har gindin moto, babur ɗina, ya ce, "Musa, yanki kawai. Kada ka wuce." Na ce to.

Manomin da na zaɓa shi ne Baba Ilu, dattijo ne da ya doshi sittin. Ƴaƴansa mata ne, duk suna gidan aure, daga shi sai matarsa Iya Hajo da mahaifiyarsa tsohuwa tukuf. Ruwa ya tafi da rumbunsa, don haka abin da gonar nan za ta bayar shi ne abincinsu na shekara. Ni kuwa abin da na gani shi ne gona ce babba a bakin hanya, duk motar manya da ta taso daga Damagaram sai ta wuce ta gabanta. Tun a nan na fara hango sunana a cikin rapor, wato rahoton aiki.

Na ce masa ya shuke ta duka da sabon iri. Ya ce ƙanensa na Sassumburum ya ba shi tiya uku ta irin gida. Na ce, "Ku ci wannan, Baba, ku rage bazara da shi. Nawa ya fi shi."

Ya daɗe yana tonon ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, "Malam, in nawa ya riga na kowa nuna, tsuntsu fa?"

Na yi dariya. Na ce, "Haba Baba, kafin tsuntsu ya ankara kun girbe."

Ya ce, "To, kai ka yi karatun. Allah ya sa albarka."

Geron ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Lokacin da na maƙwabta yake ganye, nasa ya fid da kai. Baƙi suka zo aka ɗauki hoto, ina tsaye a tsakiya ina baje haƙora. Abin da ban yi tunaninsa ba, kowane manomi ya san shi tun yana yaro: in gonaki sun nuna tare, ɓarnar tsuntsu tana rarrabuwa, kowa ya ɗan taɓu. In gona ɗaya ce ta nuna, duk tsuntsayen jan-baki na yankin nan a kanta za su sauka.

Ina Damagaram wurin wani taro na mako guda suka sauka. Baba Ilu da Iya Hajo suka ɗaura gwangwanaye a igiya, suna ja suna ihu tun fitowar rana har faɗuwarta. Mutum biyu, tsofaffi, ga gona mai faɗi. Da na dawo na tarar muryarsa ta dushe. Ya karyo zangarniya ɗaya ya miƙo mini, babu ƙwaya sai ƙaiƙayi, ya ce, "Malam, irin naka mai kyau ne. Ka ga tsuntsu ma ya shaida." Da gatse ya yi mini da na ji sauƙi, amma wallahi lallashina yake yi.

A rapor na rubuta ɓarnar tsuntsaye. Shef ya karanta ya ce, "Yankin gwajin duka suka cinye?" Na ce gonar duka. Ya cire tabarau ya dube ni. Na yi ta sintiri har na samo wa gidan buhu biyu na agaji, amma buhu biyu ba su kai mutum uku damana. Da sanyi ya shigo, Baba Ilu ya tsallaka iyaka cin rani, yana tura kurar ruwa da shekarunsa. Ciwon ƙirji ya kama shi a can, aka rufe shi a can.

Shekarar da ta biyo muka raba irin ga gari duka, aka yi shuka a mako ɗaya. Aka samu gero har rumbuna suka kasa ɗauka, wasu suka sayar suka yi rufin kwano, waɗanda suka gudu bayan ɓarnar ruwa suka dawo. Iya Hajo kuwa ta kwashi surukarta sun koma wurin babbar ƴarta.

Abin da na koya shi ne, manomin ƙasar nan ba zai ce wa ma'aikaci ka yi kuskure ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Tambaya zai yi maka, a hankali, sau ɗaya. In kun ji ta, ku kashe moto ku zauna.

Mutanen garin har yau geron Musa suke kiran irin nan, suna yi mini addu'a a kansa. Ina amsawa da amin, amma ban samu na roƙi Baba Ilu gafara ba.