Ban Sa Sakata Ba

Shekarun baya can, lokacin ina aji biyu a sakandare, muna zaune a unguwar Dutsen Kura a Minna, yayana ya shigo gida wata Asabar da wani baƙin akwati a cikin leda. Na'urar gem ce, irin wadda ake haɗawa da talabijin. Wani ne ya kai ta gyara shagon da yayana yake zuwa koyon aiki a Tunga bayan an tashi makaranta, daga baya ya ce ya bar wa ogan shagon, shi kuma ogan ya ba yayana. Da kaset ɗaya tal ta zo, takardar jikinsa ma ta ɓare, don haka har yau ban san sunan wasan ba.

Wasan na wani saurayi ne da ke yawo gari-gari da takobi, yana yaƙi da dodanni. Mutanen cikinsa ƙanana ne, ba su wuce ƙwayar gurjiya ba. Idan ka matsa kusa da mutum ka danna, sai wani baƙin gurbi ya buɗe a ƙasan talabijin, maganarsa ta riƙa fitowa da Turanci harafi bayan harafi, da wata 'yar ƙara kamar ta keken ɗinki daga nesa. Yayana ba ruwansa da wannan. Faɗa yake so. Da rubutu ya fara fitowa sai ya danne shi ya wuce. Ni kuwa ina bayansa a kan tabarma, ina tsintar abin da idona ya kama kafin ya ɓace.

Ni a lokacin ba na magana. Ko a aji malami ya kira ni sai na ji kamar an zuba min garwashi a kunne. Sai da na yi sati biyu ina juya maganar a raina kafin na iya ce masa ya ɗan riƙa jira in karanta. Ya ce in karatu nake so ga ƙamus can a kan kabad. Amma daga ranar, in yana cikin nishaɗi, yakan ɗaga yatsa ya ƙirga min zuwa biyar.

A cikin biyar ɗin nan na san mutane da yawa. Akwai mai gadin ƙofar gari da ba ya maganar dodanni sam, kullum ƙorafin gwiwarsa yake yi. Akwai mai sayar da magani da ke rantsuwa cewa kayansa na da kyau, sai kuma ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa sha ba. Na riƙa kwafe maganganunsu a bayan littafin lissafina, abin da ya sa lissafin nawa bai je ko'ina ba a wannan zangon. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda layi biyu kacal ke sa ka san mutum, har ka iya cewa ga irin tafiyarsa. Shi kuwa jarumin ba ya cewa uffan. Kowa ya yi masa magana, shi sai dai ya tsaya. Ina jin shi ya sa na ɗauke shi ɗan'uwa.

A ƙauyen farko akwai wata tsohuwa da ke tsaye a ƙofar gidanta kusa da rijiya. Ba ta ba ka komai, ba ta nuna maka hanya. Ko sau nawa ka je, abu ɗaya take faɗa: ɗanta ya haura dutse da takobin babansa, idan ka gan shi ka ce masa ba ta sa sakata ba. Yayana yakan ce wannan tsohuwa ɓata lokaci ce.

Bayan wata uku aka yi rigima a gidanmu. Yayana ya ce ya gama da makaranta, gyaran rediyo da talabijin zai riƙe. Mahaifina tela ne, shi kuma babansa lebura ne a layin dogo, kuma duk burin mahaifina ya ga ɗansa a ofis da biro a aljihu. Magana ta yi zafi har mahaifina ya ce in ya fita da wannan niyya kada ya sake taka masa zaure. Yayana ya ɗauki jakarsa ya fita. Na'urar ma bai waiwaye ta ba.

Mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe lokacin, kuma ba ta ɗago ba. Shi ne ɗan farinta. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. Tun tasowata ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce “wancan”. Bayan tafiyarsa ko “wancan” ɗin ma ta daina faɗa. Abin da na lura da shi kawai, kullum in ta kwashe tuwo sai malmala ɗaya ta yi saura, ta tsaya tana kallonta kamar ba ta san yadda aka yi ba.

Ni na gaji na'urar. In na dawo makaranta aka yi sa'a akwai wuta, sai in kunna kafin mahaifina ya taso daga shago. Na sake wasan tun daga farko don in karanta komai a tsanake. Mahaifiyata takan shigo da faifanta ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, wai ɗakin ya fi sanyi. Ba ta karanta boko, amma wata rana ta nuna talabijin da haɓa ta ce wannan matar da ba ta motsi, me take cewa ne. Na fassara mata. Ta ci gaba da tsintarta, can ta ce, “Allah sarki.”

Washegari ta tambaye ni ko yaron matar nan ya dawo. Na ce tukuna. Jibi ma ta tambaya. Ya zama kullum sai ta tambaya, wani lokaci tun ban cire takalmin makaranta ba. Takan ce ko yana samun abinci a can kan dutsen, ko akwai sauro, ko wanda yake tare da shi mutumin kirki ne. Ni da wautata sai in riƙa yi mata bayanin cewa wasan bai faɗa ba. Na daɗe kafin na gane ba ni take tambaya ba, kuma ba wannan yaron take nufi ba.

Wata Talata ina dawowa daga makaranta na haɗu da yayana a bakin titi, ya sauko daga kan mashin da talabijin ɗin wani a kafaɗa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi datti. Ya tambayi jikin kowa, sannan ya ce ranar Asabar zai bi wani ƙanin ogansu zuwa Legas, kuma in ya tafi ba ya jin zai sake waiwayar Minna. Ya ce wata biyu ke nan, ko kare ba a aiko ya tambaye shi ba. Ya ce shi ya san Baba fushi yake yi, amma Umma fa? Ina da amsa cike da baki. Na san zancen malmalar tuwo, na san zancen sauro. Amma na tsaya ina kallon igiyar takalmina har ya gaji ya ce in gaida gida.

A ranar da yamma na kai kan dutsen a cikin wasan. Bayan na sha wuya hannun wani dodo mai kai biyu, na shiga wani kogo na tarar da saurayi a kwance, takobi a gefensa ya karye. Na danna. Ya ce shi ɗan ƙauyen da ke da rijiya ne. Ya ce kullum yana son komawa, sai ya ce bari dai ya yi abin da za a yi alfahari da shi tukuna. Sai rubutun ya tsaya, ya sake fitowa a hankali: “Ina jin ma yanzu sun rufe ƙofa.”

Na danna duk abin da ke dannuwa. Saƙon yana wurin jarumina, sau nawa tsohuwar ta ba shi. Amma jarumin ba ya magana. Ya tsaya a kansa kamar yadda yake tsayawa a kan kowa, har saurayin ya dushe ya ɓace, aka bar karyayyen takobi. Da farko na ji haushin wanda ya rubuta wasan, na ce mantuwa ya yi. Da na koma ƙauyen sai na ga ba mantuwa ba ce. Tsohuwar tana nan inda take, amma maganarta ta canza kaɗan. Ta daina cewa a kai saƙo. Cewa kawai take yi, “Sanyi ya fara sauka. Ban sa sakata ba.”

Mahaifiyata tana bakin ƙofa. Ta ce yaya, an gan shi? Na ce eh, an gan shi, ya ma dawo gida, yana ciki yana hutawa. Ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba. Ta ce to madalla, ta tashi ta tafi ɗora tukunya.

Ranar Laraba ba a kawo wuta ba. Ranar Alhamis da na kunna, ta zo ta zauna, ba faifai a hannunta. Ta daɗe tana kallon talabijin, sannan ta ce, “In ya dawo, me take yi a waje har yanzu?”

Ta ce uwar da ɗanta ya dawo daga tafiya tana madafa, ba ta tsayuwa a ƙofa. Sai na faɗa mata gaskiya, har da abin da saurayin ya ce a kogo. Ta tambaya ko shi mai takobin bai gaya masa saƙon ba. Na ce ba ya magana, haka aka yi shi. Sai ta ce, “To ai ita ta faɗa. Ɗan aiken ne bai kai ba.”

A nan ne na ce mata na ga Yaya ranar Talata, kuma jibi zai tafi Legas. Ta shiga madafa, na ji tana daka. Kafin la'asar ta fito da kwano ɗaure a ɗankwali, dambun shinkafa ne da zogale, wanda duk gidan mutum ɗaya ne ke mutuwar sonsa. Ta miƙo min tana kallon wani wuri daban. Ta ce in kai wa mai gyaran rediyon nan na Tunga. Har na kai zaure ta kira ni, ta ce, “Ki gaya masa abin da matar nan take cewa.”

Ban taɓa zuwa Tunga ni kaɗai ba. Na riƙa maimaita maganar a hanya kamar hadda. Ogansu, wani dattijo mutumin Bida, ya gan ni ina raɓe-raɓe ya ce da irin Hausarsa, “Yarinya, wa kake nema?” Na nuna yayana da kwanon. Yana zaune a kan benci, ya buɗe cikin wata rediyo, hayaƙin dalma na tashi. Ya kwance ɗankwalin, ya ga dambu, ya daɗe bai rufe ba.

Na ce an ce in gaya masa ba a sa sakata ba.

Ya ce wace sakata kuma. Na ce ta tsohuwar nan ta bakin rijiya, a cikin gem. Ya yi dariya ya ce wato har yanzu ina nan da tsohuwar banzan nan. Na ce ba ni ba ce, Umma ce ta ce in faɗa masa. Sai dariyar ta tsaya. Ban san inda bakina ya samo ƙarfi ba, na ba shi labarin kogon, da sauro, da malmalar tuwon da ke saura kullum. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban mutane ba. Ya juya min baya yana neman wani abu a cikin akwatin kusoshi, abin da bai samu ba har na tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yayana ya yi sallama a zaure. Mahaifina yana kan buzunsa. Yayana ya durƙusa ya gaishe shi, bai amsa ba sai a karo na biyu. Ina leƙe ta bayan labule. Can mahaifina ya jawo tsohuwar rediyonsa ya tura masa da ƙafa, ya ce kwana goma ke nan ba ta kama tasha, tunda an ce shi gwani ne ya gani. Mahaifiyata ba ta fito ba. Tana madafa.

Legas dai yayana ya je, amma sai bayan shekara biyu, kuma mahaifina ne ya raka shi tasha.

Ban taɓa ƙarasa wasan ba. Na'urar ta mutu a damina ta gaba, ko yayana bai iya tashinta ba, don haka ban san ko jarumin ya ceci duniyar tasu ba. Littafin lissafin yana nan a wurina. Wani lokaci nakan yi tunanin wanda ya zauna a wata ƙasa mai nisa ya rubuta wa tsohuwar nan layi biyu, alhali ya san yawancin masu wasa dannewa za su yi su wuce. Bai san Dutsen Kura ba, bai san akwai matan da ba sa kiran sunan 'ya'yansu na fari ba. Amma ya ba mahaifiyata bakin da al'ada ta hana ta.

Ta rasu shekaru da dama yanzu, kuma har ta koma ga Allah ban ji ta kira sunan yayana ba. Yayana ne ya sa ta a kabari. Har yau in ya kira ni a waya zai zo Minna, ba ya tambaya ko ina gida. Cewa yake yi, “An sa sakata?” Ni kuma in ce ba a sa ba.