Lukman da Kamfailar da Ta Ƙi Lamda

A Wurno kowa ya san Lukman mai rubuta manhaja bai taɓa yin laifi ba. In ya faɗi da babur, hanya ce. In ya makara masallaci, ladan ne ya yi gaggawa.

Manoman albasa na Goronyo suka sa shi ya rubuta musu manhajar rabon ruwan rani. A cikinta ya gina tamfilet, wani tsari mai kama da mazubin bulo: mazubi ɗaya, kowane irin lissafi a zuba. Ya saka masa lamda, ɗan guntun umarni marar suna. Sai kamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunsa zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, ta cika allon da jan rubutu. In ya fitar da lamdar daga mazubin, lafiya lau. Ya mayar, ta tubure.

"Laifin kamfaila na," in ji shi.

Matarsa Khairiyya ta ajiye tuwo tana dariya. "Baban Kausar, yau kuma ita anka kama? Mi tay yi maka?"

Ya kira abokin karatunsa Siddiƙu a Rabah.

"Duniya duka na aiki da ita, kai kaɗai taƙ ƙi?" in ji Siddiƙu. "Rage rubutun har ka ga inda kay yi ɓarna."

Lukman ya yi ta yanka don ya kunyata shi, har abin ya rage 'yan layuka da ba su da wurin ɓoye kuskure. Kamfaila ta ƙi. Ya sauko da sabuwar fitowarta, ya ba ta rubutun nan ba canji, ta karɓa salin-alin. Siddiƙu ya gwada a tasa kwamfutar, sannan ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya."

Lukman ya zari hula ya fita shelar cewa kamfaila ce ta yi kuskure. Mai shayi ya ce Allah ya kyauta. 'Yan kabu-kabu suka ɗauka Kamfaila sunan mace ne, suka tambaya ko 'yar garin Gandi ce. Ya ƙare a ɗakin mahaifiyarsa, ya zayyana mata komai. Inna Uwaliya ta saurara har ƙarshe.

"To, tunda ita tak kuskure, ka yi haƙuri da ita, kak ka kai ta ga alƙali," ta ce. "Yanzu tashi ka kai ma mutanen Goronyo abinsu, albasa na jiran ruwa."