Karatu Daga Bayan Kawuna

A lakwal ɗinmu na Agadas ba a karanta mujalla a zaune. Injin fotokofi ya tsufa, in ya fitar da 'yan kaɗan sai ya kama tari kamar kakana, don haka kowane layi na aji guda ɗaya yake samu. Mutum ɗaya ke riƙewa, sauran mu taru a bayansa, kai bisa kai. Ni kuwa gajeruwa ce, ko bayan akuya na tsaya sai na yi ɗage. Ni ke rubuta shafin barkwanci, amma ban taɓa iya karanta shi a buge ba.

Masu tsawon ma wahala suke sha. Kowane aji na buga shafinsa a inda ya ga dama. Wani rubutun ƙanana kamar kiyashi, wani mai lanƙwasa kamar macijin da ya sha shayi. Ƙawata 'yar Timia, wadda ta fi kowa iya zane, takan kewaye shafin ajinmu da lemu da rumman, inji ya mayar da su baƙaƙe ƙirin kamar kashin raƙumi.

Ranar da dirakta ya ga an rarraba mujallar ana fifita da ita, sai ya ce ta gaba ita ce ta ƙarshe, in dai ba za ta karantu ba. Wa zai ƙara jin barkwancina? Mutanen gidanmu sun daɗe da gajiya da ni.

Muka taru da mushe, wato malaminmu na Faransanci, wanda ke kula da mujallar. Ya ce rubutu iri ɗaya, babba, shafi a raba biyu, a bar fili fari a gefe.

"Mushe, lemuna fa?" in ji ƙawata, ido ya cika da hawaye.

"Su ba lemu ba ne, gawayi ne," na ce.

"Ke, guntuwa, wa ya sa da ke?"

'Yan babban aji ma suka ce ba su yarda a cire musu hasumiyar da suke zanawa a shafinsu ba. Aka yi ta hayaniya, har mushe ya yanke: kowane aji alama ɗaya ƙarama a saman shafi, ƙawata ce za ta zana su duka, da layi siriri, ba cikawa. Nan take hawayen suka bushe. Sannan ya nuna ni: "Ke ce ma'auni. In kin karanta daga baya, ta yi."

Tun da aka haife ni gajartata ba ta taɓa samun muƙami ba sai ranar.

Da sabuwar ta fito, dirakta ya shigo aji da kansa. Dogon ajinmu ya ɗaga ta, aka jeru a gabana, na leƙa ta tsakanin kafaɗu biyu. Ga lemu ɗaya a sama, lemu sak. Na karanta barkwancina da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ba.

Dirakta bai yi dariya ba. Ya ce, "Mujalla ta gyaru, ku ci gaba. Saura barkwancin."

Shi nake gyarawa yanzu. Kakana ya riga ya yi dariya sau ɗaya, ko da yake mai yiwuwa tari ne.