Albasa a Ranar Shuka

Maigidana haƙar rijiya yake yi, har ranar da wata ta rufta da shi kusa da Dogarawa. An tono shi da rai, amma tun daga nan ya kasa jure ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwan farko da kowa ke murna da shi, shi numfashinsa yake sarƙewa.

Ga shi kuma dole a yi shuka. 'Yan'uwansa suka dinga ƙus-ƙus wai aljanin rijiya ne ya shafe shi. Su da ko ramin ɓera ba su taɓa leƙawa ba!

Shi kuwa ya shirya fita gona. Ya raba albasar Galmi biyu, ya saɓi sungumi. Yana sara, ina bin sa da iri. In abin ya taso masa, sai ya tsaya, ya shaƙi albasar, ya dubi sama, ya ce, "A waje nake." Sannan ya ci gaba.

Kowace damina tsayawar tana raguwa. Wata shekara, da muka kai ƙarshen gona, ya zaro albasar daga aljihu, ko yanka ta bai yi ba, ya miƙo mini.

"Ungo, ki sa a miya."