Gawayin da Inna ta koya mana

Yayata tana aure a Tanda, kuma duk ran kasuwa sai ta biyo gidana nan Gaya ta huta. Tun muna ƴanmata ita ce mai haƙora, farare tas, ga wushirya. Inna ce ta koya mana gyaransu: a daka gawayi da gishiri, a dangwala da asuwaki, a dirje. In jini ya fito, ta ce mugun jini ne ke fita, a ƙara dirjewa.

Wata rana na fere mata rake, ta ce ta ƙoshi. Yaya da rake kuwa ba a ƙoshi. Na lura tana magana da bakin gyale a leɓe. Na matsa mata har ta buɗe. Dasashin ya janye, haƙoran sun yi tsawo, na gaba ɗaya yana motsi. Ta ce tun da jinin ya yawaita sau uku take dirjewa a yini, amma mugun jinin ya ƙi ƙarewa.

Ni da ko ƙofar gida sai da dalili nake leƙawa, ranar na ɗauki mayafi na raka ta wajen lokotoro, wato likitan haƙori. Ya ce ta nuna masa yadda take wankewa. Ta nuna da ƙarfinta, har tana ɗan alfahari. Ya riƙe hannunta.

"Hajiya, a hankali. Wannan nama ne, ba gindin tukunya ba."

Ya kankare dauɗar da ta daskare a gindin haƙoran. Ya ce naman da ya tafi ba ya dawowa, amma haƙorin zai iya tsayawa in ta bar gawayi. Ya ce ta riƙa tauna asuwaki har ya yi laushi, ta share daga dasashi zuwa bakin haƙori, ta kurkure da ruwan ɗumi.

Da muka kusa gida sai ta tambaye ni:

"Ke nan Inna ba ta sani ba?"

Na ce abin da aka ba ta ta ba mu.

Haƙorin yana nan har yau, ya daina motsi. Rake kam sai na yanka mata ƙanana, tana tauna da turame tana yi mini tsiya wai na maida ta jaririya. Ni ma tun ranar da muka dawo daga wajen lokotoro na juye nawa gawayin cikin murhu.